Hadda da Himma: Darasi Daga Makaɗan Piyano

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ga yaro ya haddace waƙa tsaf a gida, amma da ya tsaya gaban jama'a sai ta kuɓuce masa. Mukan ce tsoro ne. Lalle akwai tsoro, amma masanan da suka binciki manyan ɗaliban piyano sun nuna cewa yadda aka yi haddar tun farko shi ne tushen matsalar.

A ƙarni na 19 ne Clara Schumann da Franz Liszt suka shahara da kaɗa piyano a bainar jama'a ba tare da takarda a gabansu ba, har abin ya zama al'adar da kowane babban ɗalibi ke fama da ita yau. Malaman kiɗa sukan kasa hadda huɗu: ta yatsu, ta kunne, ta ido, da ta fahimtar tsarin waƙar. Ta yatsu ce mafi saurin samuwa, ita ce kuma mafi yaudara, gama kamar sarƙa take: kowane motsi shi ke kiran na gaba, in ɗaya ya tsinke sai mutum ya koma farko ko ya yi shiru.

Roger Chaffin, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya bi diddigin makaɗiya Gabriela Imreh sa'ad da take koyon kashi na uku na Italian Concerto na Bach, waƙar da aka buga a 1735. An ɗauki hoton mafi yawan atisayenta na wajen awa 33, tana faɗin abin da take tunani. Aka ga ba daga farko kullum take somawa ba. Takan soma daga mahaɗar sassan waƙar, tana kafa wa kanta alamu kamar yadda matafiyi ke lura da itatuwan hanya, domin in ta yi tuntuɓe ta san inda za ta kama. Bayan fiye da shekara biyu aka ce ta rubuta waƙar da ka, sai wuraren alamun nan suka fi fitowa daidai. An wallafa binciken a 2002.

Auna himma kuwa ya fi wuya. Masu bincike sukan raba wa ɗalibai takardar tambayoyi bisa ra'ayin Edward Deci da Richard Ryan na 1985, wanda ya bambanta himmar da ke fitowa daga son abin da wadda lada, yabo ko tsoron iyaye ke turawa. A ganinmu amsar takarda ba ta isa ba, domin ɗalibi yakan rubuta abin da malami ke so ya ji. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce ko zai jure maimaita layi ɗaya mai wuya a hankali, alhali yatsunsa na ɗokin wanda suka riga suka iya.

Saboda haka, shugabannin mawaƙa da iyaye, ku gwada wannan a makon nan: ku sa yaro ya soma daga baiti na uku, ko ya rera a zuci ba tare da taɓa kayan kiɗa ba. Inda ya tsaya, nan ne za a soma atisayen gobe.