Shirin Ɗan Tsere Kafin Tashi

Tseren mita 100 ba ya daɗewa. A shekarar 2009, a birnin Balin na ƙasar Jamus, Usain Bolt, mutumin Jamaika, ya gama shi cikin sakan 9.58. Amma gwanaye irinsa su kan yi kusan sa'a guda su na shirya jikinsu kafin su taka layi. Mu da za mu fita koyarwa, a danƙa mana yara ranar wasanni, wajibi ne mu san dalilin wannan shiri da yadda a ke yinsa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin kuwa ga shi. Tsokar mutum, in ta na sanyi, kamar busasshiyar fata ta ke: in an fizge ta da ƙarfi sai ta yage. In jiki ya ɗumama, jini ya kan ƙara gudu zuwa ga tsoka, gaɓoɓi su saki, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙafa kuma ya isa da sauri. Wurin da mai gudu ya fi jin ciwo shi ne tsokar bayan cinya, wadda in ta yage sai a yi makonni a na jinya. Kowane barde ya san ba a kwanto doki daga turke a sake shi sukuwa nan take, sai ya ɗan taka, ya yi sassarfa tukuna. To, yaro ma haka ya ke, balle da safiyar hunturu.

Da fari sai yara su kewaya fili da sassarfa, kamar minti 5 zuwa 10, har gumi ya fara tsattsafowa a goshi. Kada a bar su su yi rige-rige a nan, don ɗumi a ke nema, ba gajiya ba.

Na biyu, motsa gaɓoɓi. Yaro ya dafa bango ko kafaɗar ɗan'uwansa, ya riƙa lilo da ƙafa ɗaya gaba da baya kamar sau 10, sa'an nan ya sake ƙafa. Ya juya ƙugu da kafaɗu da idon sawu. Daga nan ya yi tafiyar mita 20 ya na ɗaga gwiwa daidai ƙugu, ya komo ya na taɓa ɗuwawu da duga-dugai. A dā a kan sa mai gudu ya miƙe ƙafa ya riƙe ta wuri ɗaya har ya daɗe. Masu binciken jiki sun gane cewa in riƙon ya wuce minti ɗaya ya na rage ƙarfin zabura, saboda haka irin wannan miƙa a bar ta sai bayan tsere.

Na uku, gajeren gudu. Yaro ya yi mita 40 ko 50 sau uku ko huɗu, ya fara a hankali, kowane karo ya ƙara sauri, na ƙarshe ya kusa iyakar gudunsa. Tsakanin kowane biyu ya komo da tafiya don ya huta. Sa'an nan ya gwada tashi daga durƙuso sau biyu. A wasannin Olamfik na 1936, Jesse Owens na Amurka da abokan takararsa da ɗan cebur su ke haƙa ramukan da za su tokara ƙafa. Sai a na 1948, a birnin Landan, aka fara aiki da matokara a Olamfik. Inda babu ita, ramukan nan biyu sun isa, amma yaro ya haƙa su da wuri, ya gwada su.

In an gama, ya mayar da rigarsa, ya riƙa ɗan yawo har a kira shi. Wanda ya zauna a inuwa rabin sa'a ba riga, ɗumin da ya tara duk ya tafi, aikinsa ya zama banza.

Abin da ya rage shi ne natsuwa. Da an ce a hau layi, ya durƙusa, yatsunsa bayan layi, ya ja numfashi. Da an ce a shirya, ya ɗaga ƙugu ya ɗara kafaɗa kaɗan, ya tsaya cik, ya kasa kunne ga bindiga ko usur kaɗai, kada ya dubi na kusa da shi. A manyan wasanni, wanda ya zabura kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya wuce bayan ƙarar bindiga, a na ɗauka ya saci tashi. Tun shekarar 2010 kuwa, satar tashi sau ɗaya ta isa a fitar da mutum. Haka aka yi wa Bolt kansa a 2011, a birnin Degu na Koriya ta Kudu, aka yi tseren ƙarshe ba da shi ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka in ranar wasanni ta zo, mu tara yaranmu aƙalla rabin sa'a kafin tsere, mu bi da su wannan tsari daki-daki. Iyaye amana su ka ba mu. Yaron da ya zo na ƙarshe lafiya lau gobe ya sake gwadawa, amma wanda aka ɗauko daga fili ya na riƙe da cinya, malaminsa za a tambaya.