Sassauta Hannu a Kan Fuskar Kwamfutarki, 'Yata

Na san ke mai tsafta ce, ba kya iya ganin datti a kan kayanki ki kau da kai. Hali ne mai kyau, kada ki rabu da shi. Wuri ɗaya kawai nake so ki sassauta hannu: fuskar kwamfutarki, da ta talabijin ɗin nan mai faɗi da ke jikin bango.

Mu da muka taso da tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, ba mu san wannan damuwa ba. Gabanta gilashi ne mai kauri. A jiƙa tsumma a goge, an gama. A wurinmu kuka ga ana haka, don haka ban ga laifinki ba. Sai dai na yanzu ba haka aka ƙera su ba. A cikin yawancinsu akwai gilashi falle biyu, kowanne bai kai kaurin milimita 1 ba, da wani ruwa na musamman a tsakani. Abin da yatsarki ke taɓawa daga waje kuwa, a yawancin kwamfutoci, ba gilashi ba ne. Wata siririyar leda ce aka manna, aka yi mata shafen da ke hana hasken taga ko na fitila ya kashe miki ido. In wannan shafe ya ƙoƙe, ya tafi ke nan. Sai dai a canja sikirin ɗin ɗungurungum, kuɗinsa kuma sau da yawa yakan kusa na sabuwa.

Bari mu fara da ƙura, don ita ce babbar matsalarmu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Ki share ɗaki da safe, kafin la'asar kin iya rubuta sunanki a kan tebur. A ido kamar gari take, amma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi waccan leda tauri nesa ba kusa ba. In kika kai gefen mayafinki kika murza, kamar cuɗa tukunya da yashi ne. Ranar farko ba za ki ga komai ba. Bayan wata da watanni sai ki ga fuskar ta yi dishi-dishi, rubutu ya daina fita tangaran, idonki na gajiya da wuri, ke kuma kina zargin tabarau.

Saboda haka ƙura ake fara kawarwa, a bushe. Ki kashe na'urar, ki zare ta daga soket, ki bar ta ta huce. Baƙar fuska ta fi nuna inda datti yake, kuma ruwa ba ya saurin bushewa ya bar zane a kan mai sanyi. Sai ki ɗauki ƙyallen maikurofaiba, irin wanda ke zuwa cikin gidan tabarau amma babba. Ki bi da shi a hankali daga gefe zuwa gefe, kina juya shi zuwa inda bai ɗauki ƙura ba. Ba dannawa. Kin taɓa lura in aka danna yatsa sai launi ya baje a wurin? Ruwan nan na ciki ne ake matsewa. In aka cika yi, tabon yakan zauna.

Sau da yawa iyakar aikin ke nan. Ba kullum ake bukatar ruwa ba.

Tishu fa? Ki bar shi. Daga itace ake yin sa, yana da kaushin da fata ba ta ji, yana kuma barin burbushi. Tsohuwar singileti da tawul ɗin wanka su ma ki bar su da aikinsu.

To sai maganar ruwan gogewa, wanda za ki gani a 'yan kwalabe masu feshi a shagunan kwamfuta, daga Farm Centre da titin Beirut a Kano har zuwa Computer Village a Ikeja. Yana da amfani, ban hana ki saya ba. In yaro ya ci ƙosai ya zo ya nuna miki hoto da yatsa, busasshen ƙyalle baje maiƙon kawai zai yi. Mai kyau daga cikinsu galibi tataccen ruwa ne da ɗan sinadarin da ke narkar da maiƙo, ba ya barin tabo in ya bushe. Amma kada hoton kwamfuta a jikin kwalba ya ishe ki shaida. Ki juya bayanta ki karanta. Ki nemi wadda aka rubuta ba amoniya, ba alkohol a ciki. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, ba sunan kamfani, ki mayar wa mai shago da fara'a. Araha ba ta ado. In kin samu mai kyau ma, ki fara gwadawa a can wata kusurwa ta ƙasa, ki jira ta bushe ki duba.

Akwai abubuwan da ke cikin gida, kusa da hannu, masu jan mutum ya gwada. Ruwan goge gilashin taga, da yawansa na da amoniya. Ruwan goge jan farce galibi na da asiton, wanda ke narkar da roba. Sifirit, sanitaiza, turare, kananzir, ruwan omo, duk ki nisanta su. Garin neman gira kada a rasa ido. In babu abin da ya dace a kusa, ki bar tabon ya kwana, ba abin da zai yi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Za ki ji wani ya ce shi da alkohol yake goge tasa, bai ga komai ba. Ƙila gaskiya ya faɗa. Kamfanin Apple tun 2020 ya yarda a goge fuskar kayansa da ƙyalle mai alkohol na kashi 70 cikin 100, amma Samsung ya hana alkohol a kan talabijin ɗinsa, Dell kuma ya gargaɗi mutane a kan amoniya da tina. Kowane kamfani ya san shafen da ya yi. Ɗan littafin nan da ya zo cikin kwali, wanda aka jefa bayan durowa, shi ne alƙali. Matambayi ba ya ɓata.

In ba ki samu na kwalba ba, ruwan distil ya wadatar, wanda aka dafa ya zama tururi aka sake tara shi. Ruwan rijiya da na burtsatse, har da na leda, suna da gishirin ƙasa da ke barin farin tabo. Ki kula a nan: kada wani ya miƙo miki ruwan batir ya ce ai duk ɗaya ne, domin wani ruwan batir ɗin asid ne.

Ga maganar da na fi so ki riƙe. Kada ki taɓa fesa ruwa a kan sikirin kai tsaye, komai kyan ruwan, komai tsadarsa. A kan ƙyalle ake fesawa, sau ɗaya ko biyu, ya yi danshi kawai, ba ya ɗiga. Ruwan da aka fesa a fuska gangarawa yake yi ya shige ƙarƙashin bakin robar da ke ƙasa. A nan ne siraran wayoyin da ke kai hoto suke manne da gilashi. Ɗigo ɗaya ya isa ya ci su. Sai a wayi gari a ga dogon layi daga sama har ƙasa, ko rabin fuska ya yi baƙi. Garanti kuma yawanci ba ya ɗaukar ɓarnar ruwa. In ta laftof ce, ga maɓallai nan a ƙasa suna jira su sha nasu rabon. Bayan kin goge da mai danshi, ki bi da busasshen gefe, ki dakata ta bushe sarai kafin ki kunna ko ki rufe murfin.

Shi ma ƙyallen yana son kulawa. Ki wanke shi shi kaɗai da ɗan sabulu, ba bilic, ba ruwan tausasa tufafi, ki shanya shi cikin ɗaki inda ƙura ba za ta hau ba, ki adana a leda mai rufi. Wanda ya faɗi ƙasa kada ya koma kan sikirin sai an wanke. In kin tashi aiki da dare, ki yafa wa kwamfutar wani mayafi mai tsafta, zai rage miki yawan gogewa.

Ki kuma zaunar da ƙannenki da yarinyar da ke taya ki shara, ki nuna musu da hannunki. Su ma gyara suke nufi in sun zo da jiƙaƙƙen tsumma. Ki ware ƙyalle ɗaya, ki ce musu wannan na kwamfuta ne kaɗai.