Baƙin Ƙwaro Mai Sulke: Abokin Gāban Itacen Zaitun

Daga cikin ƙwarin da ke addabar gonakin zaitun a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, irin su Sifen da Italiya da Girka da Tunisiya, akwai wani wanda idan aka gan shi ba a ce mai rai ba ne. Masana ilmin ƙwari suna kiransa Saissetia oleae. Macen takan manne a jikin reshe, baƙa ƙirin, tsawonta bai wuce milimita 5 ba, a gadon bayanta kuma akwai tudu mai siffar harafin H. A nan take zama ba motsi, tana tsotse ruwan itacen.

Tsotsar ba ita ce babbar ɓarnar ba. Ƙwaron yakan fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, irin darɓar da manoman dawa suka sani. Wannan ruwa shi baƙar fumfuna ke hawa, ta lulluɓe ganye kamar kunkunniya, ta tare masa hasken rana da yake haɗa abinci da shi. Daga nan sai ganye ya kakkaɓe, 'ya'ya su ragu. Tururuwa kuma, saboda kwaɗayin zaƙin, sai ta zama dogariyar ƙwaron, tana korar masu cinsa.

Galibi macen ba ta bukatar namiji. Takan saka ɗaruruwan ƙwai, wani lokaci fiye da 1,000, a ƙarƙashin sulkenta. To, a nan ne sirrin yaƙin yake. Feshin da aka yi wa uwar asarar kuɗi ne kawai, domin sulken ya kāre ta ita da ƙwanta. Amma 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe a tsakiyar watannin zafi, wajen Yuli da Agusta, tsirara suke yawo suna neman wurin zama. A wannan ɗan taƙin ne farin man feshi ke toshe musu numfashi. Zafi mai tsanani da busasshiyar iska ma sukan hallaka da yawansu. Shi ya sa rage rassa, don rana da iska su ratsa cikin itacen, ya fi magunguna da dama amfani. Yawan takin zamani mai sa tsiron ganye kuwa gata ne ga ƙwaron.

Akwai kuma maƙiyansa na halitta. A shekarar 1937 aka kai wani ɗan mitsitsin zanzaro, Metaphycus helvolus, daga Afirka ta Kudu zuwa Kalifoniya ta Amurka. Yakan saka ƙwansa cikin jikin ƙaramin ƙwaron, tsutsarsa ta cinye shi daga ciki. Abin takaici, guba mai ƙarfi da ake fesa wa ƙudan zaitun ba ta bambanta maƙiyi da mataimaki. Takan kashe zanzaron, ta bar mai sulke lafiya lau, ya hayayyafa fiye da dā.