Ciwon Daji da Gudan Jini

Jama'a, duk wanda ke jinyar mai ciwon daji a gidansa, lalle ya san wannan.

Akwai jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ko'ina cikin jiki. Kamar hanyar ruwa su ke a lambu: in laka ta toshe ta, fangalin da ke gaba sai ya bushe. Haka gudan jini ke yi. In ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. In ta zuciya ce, zuciyar na iya tsayawa. In ta ƙafa ce, ƙafar na iya mutuwa.

To, ciwon daji yakan sa jini saurin daskarewa, waɗansu magungunansa ma haka. A shekarar 2017 likitocin Amurka suka ba da labarin binciken da suka yi a kan tsofaffi. Cikin wata 6 na farko bayan an gane ciwon, kusan mutum 5 cikin 100 suka gamu da wannan masifa. A cikin waɗanda ba su da ciwon kuwa, wajen mutum 2 ne. Masu ciwon daji na huhu su suka fi shiga hatsari.

Ga alamun da za ku lura da su:

1. Baki ya karkace, ko magana ta sarƙe.
2. Hannu ko ƙafa ta ɓari ɗaya ta saki farat ɗaya.
3. Ƙirji ya yi nauyi, da gumi da haki.
4. Ƙafa ta yi sanyi ƙalau, da azabar ciwo.

In kun ga ɗaya daga cikinsu, ku nemi mota nan da nan, ko da tsakar dare ne. Kada ku ce iska ce, ku tsaya turare. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, ku faɗa wa likita, domin maganin narkar da gudan jinin ƙwaƙwalwa cikin awa 4 da rabi a ke ba da shi.

Kada ku ɗura wa wanda jikinsa ya shanye ruwa ko kunu, zai shaƙe. Kada a yi masa ƙaho, kada a gasa ƙafar da wuta. Kada kuma a ba shi asfirin sai likita ya ce, domin mai ciwon daji yana da saurin zubar jini.

Tun kafin a kai ga haka, majinyaci ya bar taba, a riƙa auna masa hawan jini da suga, ya riƙa ɗan zagayawa cikin gida gwargwadon ƙarfinsa. Rigakafi ya fi magani.