Yadda ake nunar da fiya a haɗa ta da kwaɗon zogale

Fiya, wadda wasu ke kira avoka, ta samo asali ne daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Bishiyarta na son ruwa mai yawa da iska mai sanyi, shi ya sa take yi a tsaunukan Jos da Mambila, amma ba ta jure ƙasar Arewa irin Ɗan Kassari da Dogon Dutsi, inda damina gajera ce, bazara kuma sai zafi ya haura digiri 40. Wadda ake gani a kasuwa a mota ta zo daga kudu, da tsadarta.

Giram 100 na tsokarta na ɗauke da kalori kusan 160 da mai giram 15, galibinsa irin na man zaitun. Sukarinta bai kai giram ɗaya ba, fotasiyam ɗinta kuwa ya fi na ayaba. Wannan man ne ya sa ta dace da zogale: sinadarin ganyen da jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo hanji ke iya tsotse shi sosai.

Aiki yana farawa tun wurin saye. Fiya ba ta nuna a kan bishiya sai an tsinke ta, don haka mai tauri ba aibi ba ce. A guji mai baƙin tabo ko wadda ta lotsa. A gida, a sa ta a takarda tare da ayaba nunanniya, domin iskar da ayaba ke fitarwa tana gaggauta nunarta. A ajiye a inuwa, kusa da randa in da hali; zafi mai tsanani yana sa gefe ɗaya ya ruɓe alhali ɗayan na nan da tauri. Kullum a riƙe ta a tafin hannu a ɗan matsa a hankali. In ta ɗan yi laushi, ta yi. Danna ta da yatsa kuwa tabo yake bari a ciki.

Sai zogale. A tsince ganyen daga kara, a wanke, a dafa ya yi laushi, a tsane a matse ruwan. A zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji da gishiri, a cakuɗa. Man gyaɗa a rage shi ko a bar shi ɗungum, fiyar za ta maye gurbinsa.

Fiyar ce ke shiga a ƙarshe. A wanke bayanta, a zagaye ta da wuƙa a tsaye har ƙarfen ya taɓa ƙwallon, a murɗa ta rabu biyu. A cire ƙwallon, a kwashe tsokar da cokali, a yayyanka, a juya sau ɗaya ko biyu kawai kada ta dame. Ba a ɗora ta a wuta, don ɗaci take yi. Haka ake sa ta a dambu, ko a shafa a burodi, ko a murje ta wa jaririn da ya cika wata 6.

In rabi ya rage, a matsa masa lemun tsami a rufe, a cinye a ranar, domin iska na mayar da shi baƙi. Ɓawo da ƙwallo kuma kada a watsa su a tsakar gida: suna ɗauke da wani sinadari da ke cutar da awaki, tumaki, dawaki da tsuntsaye.