Yadda Ake Shigar da Ɗalibi Kimiyya ta Ƙofar Rumbu

A makarantun ƙasar Zuru akwai yaran da ba sa buɗe baki a ajin kimiyya. A gida C'Lela suke ji, ko Fakkanci ko Dukkanci, a kasuwa Hausa, littafi kuma Turanci. Amma tambaye su dawar da ke jure fari, su yi maka bayani har ka gaji. Malam, daga nan za ka fara.

Da farko aika su gida. Kowa ya zo da irin dawa, gero ko wake cikin tafin hannu, ya tambayo iyaye ko kakanni sunansa, lokacin shukarsa da watannin da yake yi kafin ya nuna. Rubuta sunayen a allo da harshen da yaron ya faɗa, kafin na littafi.

Sai gwajin tsiro. A ƙirga ƙwaya 100 daga kowane iri, a jera a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan mako guda a ƙirga waɗanda suka tsira. In 85 ne, kashi 85 cikin ɗari ke nan, lissafin da ya gagari yaro a allo ya shiga da kansa.

Da damina a yi fili biyu a harabar makaranta, tun da rashin tsaro ya sa zuwa gona mai nisa ya zama kasada a wurare da dama. Ɗaya dawa zalla, ɗaya dawa da wake. Raba yaran ƙungiya-ƙungiya, maza da mata. Mutanen da suka gaji al'adar noman golmo ba sai an koya musu aikin gayya ba. Bayan kamar mako shida a haƙo wake guda da saiwarsa, a wanke. Za a ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A tsaga ɗaya da reza: in cikinsa ja-ja ne, ƙananan halittu na aiki a ciki, suna kamo naitirojin daga iska, sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya. Ka bar kowane yaro ya tsaga da hannunsa.

Gwajin ajiya na fi so ka ba lokaci, domin asarar da ƙwaro ke yi wa wake kowane gida ya san zafinta. Samo gorar roba uku da busasshen wake. Ta farko a ɗaure bakinta da ƙyalle kawai, ta biyu a cakuɗa waken da toka yadda tsofaffi ke yi, ta uku a cika ta maƙil a toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Kafin a ajiye, kowace ƙungiya ta rubuta wadda take zaton za ta yi nasara da dalilinta. Bayan wata biyu a ɗebi ƙwaya 100 daga kowace, a ƙirga masu huji. A gorar da aka toshe ƙwarin kan shanye iskar da ke ciki su mutu, kuma dabarar buhun PICS ke nan, mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira. Kada ka yi wa toka dariya, kada kuma ka kare ta. Alƙaluma su yanke hukunci.

Daga ƙarshe fitar da sakamakon waje. Gayyato iyaye bayan girbi, dab da bikin Uhola, yara su yi bayani da harshen gida, sannan su maimaita da Turanci. Rubuta wa Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, ka nemi izinin kai su ɗakin gwaje-gwaje. Su tafi da littafin alƙalumansu da gorunan wakensu, kuma su za su yi magana, kai ka tsaya daga baya.