Shawarwari ga Gidajen Wurno, Rabah da Goronyo kan Jagorancin Mata

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ta Achida da rani, maza zai gani a fadama, maza a bakin buhunan albasa da tafarnuwa, maza a kan motocin kaya. Sai ya ɗauka su kaɗai ke juya dukiyar yankin. To amma shinkafa shansherar da ta shiga gida ba ta komawa kasuwa sai ta bi ta tukunyar mace, gyaɗa ba ta zama mai da ƙuliƙuli sai da ita, jajayen awakin da ake kora wa kasuwa kuwa yawancinsu na mata ne. A kowace unguwa akwai wadda sauran mata ke jin maganarta. Shugabancin yana nan, gidajenmu ne ke danne shi ko su ɗaga shi.

1. Ku gaya wa 'ya'yanku tarihin garinku. Mai cewa jagorancin mata baƙon abu ne da aka shigo da shi daga Turai, bai san Wurno ba. Nan ne ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma matar Waziri Gidaɗo, ita ta tsara ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, alamar da kowa zai gani ya san an ba ta girma. Jaji ce ke haɗo tsofaffi da 'yan mata ta kawo su wurin karatu, su koma da waƙoƙin wa'azi su koyar da matan aure da ba su iya fita. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da tufafi, a raba wa mabuƙata. Bayan rasuwar Nana Asma'u a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin a Wurno. Abin lura a nan shi ne malfar nan: ba a bar girman jaji a ɓoye cikin ɗaki ba, a fili aka naɗa ta, kuma daga gidan Shehu naɗin ya fito. Yarinyar da ta tashi da wannan labari ba za ta ji kunyar riƙe littafin ƙungiya ba, ɗan'uwanta ma ba zai yi mata dariya ba.

2. Maigida, ka raba jarin matarka da kuɗin cefane. Nan ne yawancin sana'o'in mata ke mutuwa, ba a kasuwa ba. Ta tara, ta sayi buhun shanshera biyu lokacin kaka, ta turara, ta shanya, ta kai inji, riba ta fara leƙowa. Sai wata safiya ka ce, "Ba ni aron dubu biyar, in na dawo daga kasuwa zan ba ki." Ka dawo, ba ka ba ta ba, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Mako mai zuwa a ɗebi mudu uku a tuƙa tuwo saboda baƙi. Kafin damina jari ya shige ciki. A Musulunci dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuwa a wuyan miji take. Wannan kowane almajiri ya sani, aiki da shi ne ke wuya. In ka ranta, ka faɗi ranar biya, ka kuma biya. In an ci daga kayan sayarwarta, ka biya kuɗin mudu kamar yadda maƙwabci zai biya. Akuyarta ma haka: ba a kama ta a kai Achida don kuɗin taki sai da yardarta, kuma shirun mace ba kullum yake nufin yarda ba.

Uwargida, ke ma da naki. Wadda ke karya jari don ankon biki ko don kada a ce kayan ɗakin ɗiyarta ba su kai na ɗiyar wance ba, ita ta yanka sana'arta da hannunta.

3. Ku kawo mata farashin gaskiya. Matar da ke cikin kulle da idon wani take ciniki: yaro, ko dillaliya, ko miji. In mai kai kayan ya sayar a dubu goma ya ce mata takwas, ba ta da hanyar sani. Ka bar ta ta riƙe wayarta, ta kira 'yar'uwarta a Sakkwato ko Illela ta ji yadda mudu yake kafin ta yanke kuɗi. In za a buɗe asusun banki, a buɗe da sunanta da lambarta ta NIN da BVN, lambar sirri kuma ta zauna a kanta ita kaɗai. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna bambancin: masu asusu sun ci gaba da karɓar kuɗi ta waya, marasa shi sun koma ba da bashi ko karyar da kaya.

4. Ku girmama uwar adashi. Matar da mutum ashirin ko talatin suka yarda su danƙa mata kuɗinsu kowane mako, ba takarda ba shaida, shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta ci jarrabawar da manyan ma'aikata da yawa za su faɗi. Mutanen gidanta su taimake ta da littafi da biro, ɗa ko jika mai boko ya riƙa rubuta zubi da kwasa. Kada kowa a gidan ya taɓa kuɗin zubi ko da aron kwana ɗaya ne. In adashin ya kafu, sai a yi masa rajistar ƙungiyar gama kai, domin masu raba tallafi da bankuna da ƙungiya mai takarda suke magana. Sai dai a yi hattara da masu zuwa karɓar "kuɗin fom" da alkawarin bashin da ba ya zuwa.

5. A ba mace gadonta na gona, a nuna mata iyaka. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, ga kuma aikin ban ruwa na Wurno, ƙasar fadama ta yi daraja, abin da ya yi daraja kuwa shi ake yi wa rowa. Rabon a bayyane yake: ɗiya tana da rabin na ɗa, matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu. Abin da aka saba shi ne yayye maza su riƙe gonar su ce ai ƙanwarsu tana ɗakin miji, su aika mata da buhu ɗaya da kaka in sun tuna. Ku raba gaban shaidu, a rubuta. In ta ga dama ta ba ɗan'uwanta haya ko noman raba-daidai, in ta ga dama ta ɗauki 'yan ƙwadago. Mace mai gonar kanta ba ta jiran a sayar mata da shanshera da tsada, kuma tana da bakin magana ranar da ake rabon ruwa.

6. In an kira matarka kwamiti, ka bar ta ta je. Kwamitin kula da makaranta yana da gurbin mata, haka kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido kan asibitin sha-ka-tafi. Sau da yawa sunan matar mai unguwa ake rubutawa a cike gurbi, ita kuwa ba ta taɓa halarta ba. Ku tura wadda ta san abin da ake ciki: ungozoma, malamar Islamiyya, ko mai turara shinkafar da ke ɗaukar mata aiki. In nisa ne ko tsoron hanya, a haɗa ta da muharrami ko su tafi su uku.

Wannan ya ƙara zama dole saboda halin da yankin ke ciki. Harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 ya ci mutum fiye da arba'in, ƙauyukan Rabah irin na wajen Gandi sun sha nasu tun kafin nan. Gidaje da yawa yanzu mace ce ke ciyar da su, da marayu a gabanta. Ranar rabon taki ko abinci, in aka ce "magidanta su zo", to ita ce magidancin. Kada ƙanen mijin ya karɓa da sunanta. Su matan sun fi kowa sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, don haka jerin sunayen da aka rubuta ba tare da su ba ba ya cika.

7. Sana'ar uwa kada ta cinye karatun ɗiya. Talla ce ƙafar matar kulle, shi ya sa hana ta da baki kawai ba ya aiki. A nemi mafita: a sayar a ƙofar gida, ko a yi sari ga mai shago, ko a ɗauki dattijuwa a riƙa ba ta la'ada. Yarinyar ta je makaranta da safe, da yamma ta zauna kusa da uwarta ta rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

8. Uwar miji da kishiya su sassauta harshe. "Wance ta fi ƙarfin mijinta" da "tun da ta yi kuɗi ba ta ganin kowa" sun rufe tukunyar sana'a fiye da tsadar itace. Inna, in surukarki ta sayi injin niƙa da guminta, ke ce ya kamata ki fara kai mata hatsinki, ki kuma biya kuɗin niƙa gaban mutane.